Ƙarancin ƙwararrun ma'aikatan kimiyya da fasaha a Jamus

Fiye da shekaru 20 ke nan kamfanonin Jamus ke kokawa da wahalar samun injiniyoyi da masana kwamfuta waɗanda suka goge a bakin aiki. Tushen matsalar shi ne, waɗanda aka haifa a shekarun 1950 da 1960 suna ta yin ritaya, matasan da za su gaje su kuma ba su kai su yawa ba, balle gogewa.

A shekara ta 2000 gwamnatin Gerhard Schröder ta ɓullo da shirin Green Card domin jawo masana kwamfuta har 20,000 daga ƙasashen da ba sa cikin Tarayyar Turai. Zuwa ƙarshen 2004 da aka rufe shirin, kimanin 18,000 ne suka samu takardar. Izinin na shekaru biyar ne kacal, kuma da wuya ƙwararre mai iyali ya bar ƙasarsa a kan wannan sharaɗi, alhali Amurka da Kanada na ba da izinin zama na dindindin, ga shi da Turanci ake aiki a can.

Daga bisani hukuma ta sassauta. An fara ba da Blue Card a 2012, dokar shigowar ƙwararru ta fara aiki a watan Maris na 2020, sannan a 2024 aka ƙaddamar da katin Chancenkarte, mai ba mutum damar shiga ƙasar ya nemi aiki bisa makin da ya samu. Amma har yanzu masu neman aikin na fama da jiran biza, da jinkirin tantance takardun shaidar karatu na ƙetare, da kuma koyon Jamusanci.