Yadda 'Yan Talla Suka Mai da "Hygge" Haja

A 1990 kamfanin Volkswagen ya mamaye talabijin ɗin Amurka da wata kalmar Jamusanci, Fahrvergnügen. Ma'anarta ba ta wuce jin daɗin tuƙi ba. Amma Ba'amurken da furta ta ya gagare shi sai ya ɗauka akwai wani daɗi da Jamusawa kaɗai suka sani, kuma a cikin motar aka ɓoye shi.

Wannan dabara ta kai maƙura a 2016 da hygge ta mutanen Denmark, wato natsuwar da ake samu in an taru da na jiki a ɗaki mai ɗumi, sanyi na kaɗawa a waje. A shekarar littattafai a kanta suka cika kantunan Birtaniya, wanda ya fi tashe shi ne na Meik Wiking, shugaban wata cibiyar nazarin farin ciki a Kopenhagen. Masu ƙamusun Oxford da Collins suka sa ta a jerin fitattun kalmomin shekarar. Kan ka ce kwabo, an liƙa ta a jikin kyandir da bargo da safar ulu.

Abin da talla ta zubar a hanya shi ne nauyin da kalmar ke ɗora wa masu ita. Tun a 2011 masanin al'adu Jeppe Trolle Linnet, ɗan Denmark, ya nuna cewa hygge na da dokoki: ba a fahariya da dukiya, ba a tayar da gardama, kuma zama ne na 'yan gida da baƙo ke shan wuya kafin ya samu shiga. Masu matsakaicin hali ma da ita suke yi wa attajirai gori, wai gidajensu akwai kaya amma babu ɗumi. Taken maƙalar tasa cewa yake kuɗi ba sa sayen hygge. Bayan shekara biyar aka sa mata farashi.

Ba laifin 'yan talla ba ne kaɗai. Hukumar yawon buɗe ido ta Denmark ita ma da kalmar take kiran baƙi.

Maƙwabtansu na Sweden ba su tsira ba. Tasu kalmar, lagom, na nufin tsayawa daidai gwargwado ba tare da wuce gona da iri ba, kuma IKEA, mai sayar da kayan ɗaki a ƙasashe da dama, ya raɗa wa wani shirinsa na Birtaniya sunanta.