Mai Bin Sawu da Marubuci: Labarin Bincike a Ƙasar Haɗejiya

Akwai wani irin labarin ƙirƙira da Turawan Ingila suka shahara da shi, inda a kan yi kisa ko sata a ɗan ƙauye, 'yan sanda su yi ta lalube, sa'an nan wani talaka wanda bincike ba sana'arsa ba ne ya tona asirin. Ba a nuna jini a cikinsa, hankali kaɗai a ke gwadawa. Agatha Christie ta fito da littafin farko na tsohuwa Miss Marple cikin 1930, ta yi goma sha biyu, na ƙarshe ya fito cikin 1976. Makamin tsohuwan nan ɗaya ne, watau sanin halin maƙwabta. Nufinmu a nan mu duba dalilin da ya sa marubutan Hausa na farko ba su bi wannan hanya ba, ko da ya ke akwai masu irin wannan aiki a ƙasarsu. Za mu ɗauki Haɗejiya ta zama misali.

Wanda ya san fadamar Kogin Haɗejiya ya san ƙasa ce mai tara jama'a iri iri: Hausawa, da Filani, da Mangawa, da Badawa. Ruwa ya kan malale da damina, in ya janye sai manomi da masunci da makiyayi su haɗu a wuri guda, daga Auyo har Guri da Kiri Kasamma. Inda dukiya ke tafiya da ƙafa huɗu kuwa, ba a rasa ɓarawo. To, in saniya ta ɓace, ba dogari a ke fara nema ba. Mai bin sawu shi ke duba laka, ya rarrabe kofaton da aka kora da wanda ya tafi kiwo don kansa. A yi cigiya ran kasuwa. Dillalai da sarkin fawa su lura da shaidar da ke jikin dabba. Bulama kuma ya san baƙon da ya kwana a garinsa, gama al'ada ce a kai masa labarin kowane baƙo. Ko bayan da Turawa suka ci Haɗejiya cikin 1906, aka kafa 'yan doka na En'e, jirgin ƙasa kuma ya ratsa Malam Madori ya kai Nguru cikin 1930, mutanen karkara ba su bar dogara ga waɗannan ba.

Amma da aka zo rubutu sai alƙalami ya karkata wani waje. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, Malam Muhammadu Gwarzo ya kawo Idon Matambayi, labarin ɓarayi da dabarunsu. Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam wayon matafiyi ne ke jan sa. Tauraruwar Hamada ta Sa'idu Ahmed Daura, wadda ta biyo baya, ita ma ɓarayi ne taurarinta. Watau mai karatu ya san mai laifi tun daga farko, abin da ya ke jira shi ne ya ga yadda zai kuɓuta.

Dalili biyu mu ke gani. Na farko, tatsuniya ce uwar waɗannan littattafai, a tatsuniya kuwa Gizo ne gwani, ba wanda ya kama shi ba. Na biyu, a gaban alƙali abin da ya fi ƙarfi shi ne shaidu, ko iƙirari, ko rantsuwa. Sawu ya kan kai mutum ƙofar gida, amma ba ya yanke hukunci. Saboda haka labaran hikima, irin waɗansu na cikin Magana Jari Ce, suka ba sarki ko alƙali aikin tona asiri, ya haƙa wa mai laifi rami har ya faɗa da bakinsa. Mai bin sawu ya tsaya a zaure.

In mun leƙa maƙwabta sai mu ga ba dole ne abin ya zama haka ba. A Zanzibar, Muhammed Said Abdulla ya fito da Bwana Msa cikin 1960, mutum mai warware asiri da tunani kawai, ya yi ta maimaita shi cikin littattafan Suwahili. A ƙasar Yarabawa, Kola Akinlade ya yi jerin littattafai na Akin Olusina tun daga 1971. A Hausa kuwa, da laifi ya shigo littafi sosai, kamar Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da ya fito cikin 1982, fasa-ƙwauri ne da ma'aikatan gwamnati, ba asirin ƙauye ba.

Abin da ya kamata malaman makarantun horon malamai su lura da shi ke nan. Tun da aka gina madatsar Tiga cikin 1974 da ta Challawa cikin 1992 malalen ruwan fadama ya canja, zaman jama'a ma ya canja, tsofaffin masu bin sawu suna ƙarewa. Ɗalibin da ya zauna da su ya rubuta yadda su ke karanta ƙasa, ya ajiye wa masu tarihi abin aiki, ya kuma ba marubuci gwanin da zai gina labari a kansa.