Bindigar Famfo da Tantabarar Yumɓu: Shari'ar da Ta Binne Sunan Spencer

Wani mai karanta wannan shafi ya aiko da tambaya bayan ya kalli gasar harbi ta Olamfik ɗin Paris ta 2024 a talabijin. Ya ce ya ga ana cilla faifai ruwan goro sama, maharba suna tarwatsa shi kafin ya faɗo, amma duk wanda ya fito bindigarsa mai baki biyu ce, ɗaya bisa ɗaya. To ina bindigar famfo, wadda muka saba gani rataye a kafaɗar 'yan banga da 'yan sa-kai? Ko ba ta iya wannan aikin ne?

Tana iyawa. A Amurka ma ta shafe fiye da rabin ƙarni ita ke jan zarenta a filayen harbin faifai, kuma har gobe akwai masu zuwa fili da tsofaffin da suka gada daga kakanninsu, suna kayar da masu bindigogin da kuɗinsu ya kai na mota.

Asalin wasan ba da faifai ake yin sa ba. Tun ƙarshen ƙarni na 18 attajiran Ingila ke sa a kamo tantabaru a rufe a akwati, a ja igiya murfin ya buɗe, tsuntsu ya tashi, a harbo shi, 'yan caca su ƙirga. Da al'adar ta tsallaka Amurka sai ta tarar da tantabarar daji mai ƙaura, wadda garkenta kan rufe rana idan yana wucewa. Ana kama su da raga a cika taragon jirgin ƙasa, a kai kasuwa, a kai filin gasa. Farautar kasuwa da sare dazuzzuka ne suka fi cin su, amma maharban gasa ma sun ci nasu rabon. Ta ƙarshe a duniya, wadda aka sa wa suna Martha, ta mutu a gidan namun daji na Sinsinati ranar 1 ga Satumba, 1914. Ko a Olamfik ɗin Paris ta 1900 tantabaru masu rai aka harba, kusan 300, wani ɗan Beljiyam mai suna Léon de Lunden ya zo na ɗaya da guda 21. Ingila ba ta haramta harbin tsuntsun da aka tsare ba sai a 1921.

Tun kafin haramcin, tsuntsu ya yi tsada, masu kare haƙƙin dabbobi kuma sun matsa lamba. Aka gwada ƙwallon gilashi, wani lokaci a cusa masa gashin tsuntsu a ciki don idan ya fashe a ga abin da ido ya saba gani. Kyaftin Adam Bogardus, gwanin harbi na zamaninsa, ya yi rajistar na'urar cilla shi a 1877. Sai dai ƙwallo ba ya tafiyar tsuntsu, ga tarkacen gilashi da yake bari a gonakin mutane. A 1880 George Ligowsky, mutumin Sinsinati, ya fito da faifan yumɓu gasasshe mai yanka iska yana juyawa. Don ya tallata hajarsa ya ɗauki Bogardus da abokin hamayyarsa Doc Carver suka zaga birane a 1883, suka kara sau 25, Carver ya ci 19. Faifan Ligowsky ya cika tauri, sau da yawa dalma kan same shi ya yi ƙara ya ci gaba da tafiyarsa, gardama ta kaure tsakanin maharbi da alƙali. Daga baya aka koma haɗa shi da kwalta da garin dutse, kuma irinsa ake cillawa yau, faɗinsa kusan santimita 11.

Faifai ya kawo abin da tantabara ba ta taɓa kawowa ba, wato araha da yawa. Mutum zai iya harba ɗari a yini bai karya jarinsa ba. Abin da ya rage shi ne bindigar da talaka zai iya saye, wadda kuma ba za ta gaji ba. A nan ne Christopher Spencer ya shigo.

Spencer ba baƙo ba ne a sana'ar. Ɗan jihar Konetikat ne, an haife shi a 1833, shi ya ƙera bindigar yaƙi mai harsashi bakwai wadda Shugaba Abraham Lincoln ya gwada da hannunsa a 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka. Abokin aikinsa Sylvester Roper shi ma maƙeri ne na gani-na-faɗa, mai ƙera keke mai tafiya da tururi, kuma a kan irin wannan keken ne ajali ya riske shi a 1896 yana gwajin gudu, yana da shekara 72. Su biyun suka yi rajistar bindigar farauta ta famfo a 1882. Dabarar mai sauƙin fahimta ce. Akwai bututu a ƙarƙashin bakin bindiga da ake jera harsasai a ciki. Maharbi ya ja mariƙin katako na gaba zuwa baya, kwanson da aka harba ya yi tsalle waje, ya tura shi gaba, sabo ya hau. Idonsa bai bar abin da yake aunawa ba, kuncinsa bai ɗaga daga ƙota ba. Wannan ita ce bindigar famfo ta farko da aka ƙera da yawa aka sayar wa jama'a.

Spencer ya iya ƙira, bai iya kasuwa ba. Kamfaninsa ya durƙushe saboda bashi, a wajen 1890 kuma haƙƙin fasahar da injinan suka koma hannun Francis Bannerman, dillalin ragowar kayan soja a Niyok, mutumin da daga baya ya gina wa makamansa fada sukutum a wani tsibiri cikin kogin Hudson. Bannerman ya ci gaba da ƙera bindigar yana sayarwa. Ana haka sai kamfanin Winchester ya fito da tasa a 1893, ƙirar John Moses Browning. Bannerman ya ce an shiga gonarsa, ya garzaya kotu a 1894.

Abin da Winchester ya yi ya cancanci a tsaya a kansa. Bai tsaya jayayya kan ko bindigogin biyu sun yi kama ba. Sai ya aika mutum Turai ya tona ɗakunan ajiyar takardun rajista, ya zaƙulo tsofaffin zane-zane na Ingila da Faransa masu ɗauke da dabarar ja-da-turawa, ciki har da na wani Alexander Bain na 1854 da na wani Bafaranshe mai suna Magot. Maƙeran kamfanin suka zauna suka ƙera bindigogi bisa waɗannan zane-zane don a nuna wa kotu cewa suna harbi. Hujjar ita ce, idan dabarar ta riga Spencer da Roper zuwa duniya, to ba su da abin da za su sayar wa Bannerman, shi kuma ba shi da abin da zai hana kowa. A 1897 kotu ta ba Winchester gaskiya, ɗaukaka ƙara ma bai canza komai ba.

Daga nan labarin ya rabu biyu. Masoya Winchester suna cewa Spencer ya tsinci abin da ke yashe ne a takardun Turai, kuma bindigar famfo ta gaskiya daga Browning ta fara. Wasu kuma suna cewa babban kamfani ne ya yi amfani da aljihunsa ya murƙushe ƙarami. Ni ban ga laifin alƙalin ba, doka ya bi, kuma hukuncin ya buɗe wa kowa ƙofa, shi ya sa Marlin da Remington da Stevens duk suka shigo kasuwar farashi ya sauka. Amma batun wa ya cancanci yabo daban ne da batun wa ya ci shari'a. Zanen da ya shekara arba'in a cikin kundi ba manomin da ya taɓa harbin agwagwa da shi, sai da ƙwararrun maƙeran kamfani mai kuɗi suka zo suka busa masa rai don buƙatar kotu, ba zan kira shi bindiga ba. Spencer ne ya fara sa abin a hannun mutane suka harba suka ga yana aiki, shi ya nuna akwai kasuwar da Winchester ya zo ya kwashe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yau ko cikin masu tara tsofaffin bindigogi, da yawa sunan Spencer a wurinsu na bindigar yaƙin basasa ne kawai, kuma wannan rashin adalci ne da ya kamata marubuta tarihi su daina maimaitawa.

Wannan bai rage wa Browning komai ba. Tasa ta fi ta Spencer, nesa ba kusa ba. Ƙirar 1893 an yi ta ne don baƙin albarushi, sai ga sabon albarushi marar hayaƙi mai ƙarfi ya shigo, don haka bayan an ƙera kimanin 34,000 aka ƙarfafa ta ta zama ƙirar 1897, ana sayar da ita dala 25. Wanda ya taɓa riƙe ta ba ya mantawa. 'Yar gudumar da ke bugun gindin harsashi a fili take, kana ganinta. Idan ka ja mariƙin, wani ƙarfe ya fito ta baya ya danne gudumar, kuma idan babban yatsanka ya matso kusa sai ya ɗauke maka fata. Tana da ƙarar ƙarafa da ake ji daga nesa. An ƙera fiye da miliyan ɗaya kafin a daina a 1957.

Kamfanin ya san cewa filin faifai shi ne wurin talla. Cikin maharban da ya ɗauka har da wata mata, Elizabeth, wadda aka fi sani da Plinky Toepperwein. Ma'aikaciya ce a masana'antar harsashi ta Winchester, ba ta taɓa harbi ba sai da ta auri gwanin harbi Ad Toepperwein a 1903. Ita ce mace ta farko a Amurka da ta fasa faifai 100 a jere ba kuskure, kuma a 1916 ta fasa 1,952 cikin 2,000 a yini ɗaya, har sai da ake zuba wa bakin bindigar ruwa don ya huce. A lokacin ƙirar 1912 ta riga ta fito, wadda T. C. Johnson ya gyara aka ɓoye gudumar a ciki, aka sassaƙa jikinta daga dunƙulen ƙarfe, ƙwararru suka daidaita sassanta da hannu. Wannan bindigar ce ta zama abin ƙaunar maharban Grand American, babbar gasar da ta zauna a Vandalia ta jihar Ohayo daga 1924 zuwa 2005. Da ita gwanin harbi Herb Parsons kan cilla faifai bakwai sama da hannunsa ya fasa su duka kafin ɗaya ya taɓa ƙasa.

Akwai labarin da ake yawan liƙa wa wannan tarihin, cewa a Yaƙin Duniya na Ɗaya an zuba gwanayen harbin faifai a ramukan Faransa suna harbo gurnetin Jamusawa a iska. Abin da ya tabbata shi ne sojan Amurka sun je da ƙirar 1897 mai gajeren baki, kuma a Satumban 1918 Jamus ta aika ƙorafi a rubuce cewa makamin ya saɓa wa yarjejeniyar Hague, har ta yi barazanar kashe duk fursunan da aka kama da shi, Sakataren Harkokin Waje Robert Lansing ya yi fatali da ƙorafin. Batun gurneti kuwa na fi ganinsa a matsayin hirar 'yan talla. Gurneti ƙarfe ne mai nauyi, ƙwayoyin dalma ba za su mayar da shi inda ya fito ba, kuma mai hankali idan ya gan shi tafe kwanciya yake yi. Alaƙar gaskiya tsakanin wasan da yaƙi ta zo ne a Yaƙin Duniya na Biyu, inda ake ɗora masu koyon harbi daga jirgin sama a bayan mota tana gudu ana cilla musu faifai, don su koyi auna gaban abin da ke tafiya.

Masu cewa famfo ba ta da saurin harbi na biyu sun samu amsa a 1950. A rukunin da ake sakin faifai biyu lokaci guda, inda dole mai famfo ya ja ya tura tsakanin harbi da harbi, Rudy Etchen ya zama na farko da ya fasa 100 cif a Grand American, da Remington 870 wadda a shekarar ta fito. Kuma wannan 870 ɗin ce ta kashe ƙirar 1912. An tsara ta yadda inji zai buga sassanta da yawa ba sai maƙeri ya zauna yana goga ba, ta zo da araha, ba ta kuma cijewa. Winchester ya kai ga ba ya fita a kan kowace ƙirar 1912 da ya sayar, a 1964 ya cire ta daga jerin kayansa na yau da kullum bayan an ƙera kusan miliyan biyu. Manyan gasa suka karkata ga masu baki biyu na Italiya da Jamus, waɗanda ke ba maharbi damar matse kowane baki daidai da nisan faifansa. 870 kuwa ta wuce miliyan 11.

Masu fita da tsofaffin a yau sun san sharuɗɗansu. Ba a sa wa ƙirar 1893 harsashin zamani. Masu ƙaramin baki na ƙirar 1912 da aka yi kafin ƙarshen shekarun 1920 an yanka su ne don gajeren harsashi, sai maƙeri ya auna kafin a ɗura musu na yanzu. Ƙwayoyin baƙin ƙarfe, da dokokin muhalli suka kawo a madadin dalma, kan kumbura matsattsen bakin tsohuwar bindiga. Sannan ƙirar 1897 da ta 1912 duk suna da hali ɗaya da sabon shiga bai sani ba: idan yatsa na danne da kunama aka tura mariƙin gaba, take za ta tashi. Shi ya sa a kan layi, inda mutum biyar ke tsaye yadi 16 bayan ramin da faifai ke fitowa, ƙa'ida ita ce bindiga a buɗe take, ba harsashi a ciki, sai layi ya zo kanka.