Kafin a Miƙa wa Yaro Bindiga

A watan Oktoban 2023 gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta yaye rukunin farko na dakarun tsaron al'umma na jihar Katsina, matasa sama da 1,400. A cikin watan ne kuma aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Mu mutanen Dutsin-Ma da Kurfi, da dajin Rugu yake yamma da mu ba nisa, mun saba ganin 'ya'yanmu suna ɗaura ɗamara. Wasu su tafi Defo a Zariya su fito soja, wasu su shiga wannan runduna, wasu su yi sa-kai. In ana maganarsu, bindigogi ake ƙirgawa da babura da motoci. Ba kasafai muke tambayar wane shiri aka yi wa zukatansu ba, alhali kakanninmu sun daɗe da sanin nauyin wannan tambaya.

Zaman ɗar-ɗar ba baƙo ba ne a wannan yanki. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na dauri sun koma arewa suka zauna a Maraɗi, aka shafe shekaru da dama ana kai wa juna hari. Ƙasar Ruma da bakin Rugu sun ɗanɗana, musamman a zamanin Ɗan Baskore. Sarautun 'Yandaka da Maraɗi, waɗanda hakiman Dutsin-Ma da Kurfi suke riƙe da su a yau, sun ga wancan zamani. Dabarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fi dogara da ita wajen tsaron iyaka ita ce ribaɗi: gari mai ganuwa, inda mayaƙi zai zauna da iyalinsa, da gonarsa, da masallaci, da malamin da zai karantar da shi. Shi kansa Bello a ribaɗin Wurno ya zauna har ya rasu a 1837. Hikimar a fili take. Wanda ya san abin da yake karewa, ya kuma san iyalinsa ba za su kwana da yunwa ba, ya fi tsayawa in ta ɓaci.

Ranar fita kuwa, gari ne duka yake shirya mayaƙi. Malamai su yi addu'a, a ba da rubutun sha da layu. Makaɗa su buga, maroƙa su tuna wa kowa sunan ubansa da na kakansa. Mutum yana tafiya ne tare da waɗanda suka tashi tare, kunyarsu kaɗai ta isa ta riƙe ƙafarsa. Karatun malamai kuma ya yi masa iyaka, domin fiƙihun da ake karantarwa ya hana kashe mata da yara da tsofaffin da ba su ɗauki makami ba. Ana ƙarfafa zuciya, ana kuma sa mata linzami. Inda tsarin ya gaza shi ne bai bar wa tsoro suna ba sai ragonta. Namiji barkono ne, in ji mu, don haka wanda abin ya fi ƙarfinsa sai dai ya haɗiye.

Turawa sun zo da wata hanyar. A 1897 aka kafa rundunarsu ta Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Lugga, da Hausawa da yawa a ciki, har Hausa ta zama harshen bariki. A 1924 aka buɗe Defo na Zariya. A can fareti ne ya maye gurbin kirari. Ana maimaita abu ɗaya har jiki ya haddace, don ranar da hankali ya tashi hannu ya ci gaba da aikinsa. Babbar jarrabawar wannan horo ta zo a yaƙin Bama. Daga 1943 aka kwashi runduna ta 81 da ta 82 a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan suka shiga ƙungurmin daji suka kara da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Sunayen barikokin Cindit a Zariya da Kalapanzin a Kaduna daga can suka samo asali. Yaron da ya tashi cikin gero da dawa ya tsinci kansa cikin ruwan sama marar yankewa da zazzaɓi da abokin gaba da ba a gani. Abin da ya riƙe irinsu bai wuce wanda kakanninsu suka sani ba: abokan tafiya, da salla, da begen gida. Da aka dawo, an ba da lambobi da ɗan kuɗin sallama. Wanda ya riƙa firgita cikin dare kuwa, a gida sai a ce iska ta taɓa shi.

Su ma Turawan da wahala suka gane. A yaƙin duniya na farko sojan Ingila ya harbe mutanensa 306 bisa laifuffuka irin su gudu daga fagen fama, sai a 2006 aka yafe musu. Lord Moran, wanda ya yi likitan bataliya a wancan yaƙi kafin ya zama likitan Churchill, ya bayyana a 1945 cewa jarunta tana ƙarewa in ana ta ɗiba ba a ƙarawa. A namu zancen, zuciya rumbu ce. Kowane kwanton ɓauna da kowace gawar aboki dami ne aka zare.

Mun ga ranar da rumbu ya ƙare. A watan Mayun 2014, a barikin Maimalari na Maiduguri, sojoji sun buɗe wa motar kwamandansu, Manjo Janar Ahmadu Mohammed, wuta bayan an kawo gawarwakin 'yan uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar dawowa daga yankin Chibok. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Duk sun sha horo, sun iya harbi. Abin da ya karye shi ne amanarsu ga na sama.

Yaranmu da ke gadin bakin Rugu suna ɗauke da wani nauyin da ɗan Bama bai ɗauka ba. A ƙofar gida suke yaƙi. Wani an kashe mahaifinsa, wani an sace ƙanwarsa, wanda yake farauta kuma watakila sun taɓa cin kasuwa ɗaya. Zuciyar da aka cika da fushi kaɗai, ko aka dafa da ƙwaya, tana iya shiga wuta, amma ba ta rarrabe ɓarawon daji da makiyayin da ya fito kiwo. Mun ga yadda kisan gilla da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da rugage suka ƙara wa wannan wuta itace a Zamfara da Katsina.

Saboda haka kafin a miƙa wa yaro bindiga, akwai abin da tarihi ya ba mu ikon nema. A faɗa masa gaskiyar abin da zai tarar, har da cewa tsoro zai zo masa kuma ba abin kunya ba ne. A horar da shi tare da waɗanda za su fita tare, ƙarƙashin shugaban da zai kwana inda suka kwana. Malami ya karantar da shi wanda jininsa ya haramta, kamar yadda zai ba shi addu'ar tsari. A biya shi a kan lokaci, a rubuta abin da iyalinsa za su samu in bai dawo ba. A kuma sa masa ranar hutu, da likitan da zai saurare shi in barci ya ƙaurace masa. Mu da muke barci saboda yana farke, mu ne ya kamata mu fara tambayar gwamnati da hakimai ko an yi masa wannan tanadi.