Yadda kifin gonar shinkafa ya shiga ɗakin binciken likitoci

Babbar matsalar mai son sanin yadda jikin ɗan Adam ke ginuwa ita ce abin yana faruwa ne a ɓoye. Ɗan tayi yana cikin mahaifa, ba mai ganinsa lokacin da zuciyarsa ta fara bugawa ko lokacin da jijiyoyinsa ke miƙewa. Ɓeran da masana suka daɗe suna gwaji da shi ma haka yake: sai an buɗe cikin uwar kafin a ga ɗan, kuma da an buɗe, girman ya tsaya ke nan. Ƙudan 'ya'yan itace ya koya wa masana abubuwa masu yawa game da gado, amma ba shi da ƙashin baya, kuma tsarin jininsa ya yi nisa da namu. An daɗe ana neman wata halitta mai ƙashin baya wadda za a zuba wa ido tun daga ƙwai har ta zama cikakkiya.

Halittar tana nan cikin gonakin shinkafa da ƙoramu masu sanyin gudu a Indiya da Bangaladesh da Nepal. Ɗan kifi ne da tsawonsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, da ratsi-ratsi a jiki irin na jakin dawa, shi ya sa ake ce masa kifin zebra. Wani likita ɗan Sikotland, Francis Hamilton, shi ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1822 cikin littafinsa kan kifayen kogin Ganges. Bayan nan sai kifin ya zama abin ado a tankunan gilashi a gidajen Turai da Amurka. A 1934 Charles Creaser, wani malami a birnin Detroit, ya rubuta yadda ake samun ƙwansa don nazari, wasu kaɗan suka bi sahu, amma maganar ba ta yi nisa ba.

Wanda ya ɗauke ta da gaske shi ne George Streisinger. An haife shi a Budapest ta ƙasar Hungari a 1927, iyalinsu Yahudawa ne, suka yi hijira zuwa Amurka yana ɗan shekara 10, gabanin bala'in da ya afka wa Yahudawan Turai. Ya yi suna a binciken ƙwayoyin bairos masu kama bakteriya, kuma a 1960 ya koma Jami'ar Oregon da ke garin Eugene. Mutum ne mai kiwon kifin ado tun yana yaro. Wajen ƙarshen shekarun 1960 ya yanke shawarar barin fagen da ya ƙware a kai ya koma kan kifi, domin yana son gano yadda ƙwayoyin gado ke gina ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Kifayensa na farko daga kantin sayar da dabbobin gida suka fito.

Dalilansa ba su da wuyar fahimta. Macen tana zuba ƙwai ɗari biyu ko fiye a mako, a cikin ruwa, ba a cikin jikinta ba. Ƙwan garau yake, ɗan tayin ma haka, ana hango komai ta madubin likita. Cikin awa 24 zuciya ta fara bugawa, a kwana 2 zuwa 3 an ƙyanƙyashe, a kwana 5 yana iyo yana neman abinci, cikin wata 3 shi ma ya isa haihuwa. Ɗaki guda zai ɗauki dubbai, kuma ciyar da su bai kai tsadar ciyar da ɓeraye ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen gado. Kowane kifi, kamar kowane mutum, yana ɗauke da ƙwayar gado bibbiyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. In ɗaya ta lalace, sau da yawa lafiyayyar takan rufa mata asiri, ba a ganin komai sai an haɗa 'ya'ya da jikoki har lalatattu biyu su gamu a jiki ɗaya. Wannan aikin watanni ne da tankuna barkatai. Dabarar Streisinger ita ce ya haska maniyyin namiji da wani haske mai ƙona DNA, ta yadda zai iya tayar da ƙwai amma ba zai ba shi gadon uba ba. Ɗan tayin da ya fito gadon uwa kaɗai yake ɗauke da shi, don haka duk wani lahani da ke ɓoye sai ya bayyana nan take. In kuma ana son ya rayu ya girma, sai a matsa ƙwan da ƙarfi ko a ɗumama shi a daidai wani lokaci, gadon uwar ya ninka kansa.

Faɗa da baki sauƙi gare shi. Sama da shekara 10 ya yi yana wannan fama, da taimakon Charline Walker da wasu 'yan kaɗan, cikin wani tsohon gini na kwano, ba tare da wani babban sakamako da zai nuna wa duniya ba. A ganina nan ne zuciyar labarin take. Jami'ar da abokan aikinsa sun ƙyale shi ya yi ta lalube, abin da ba kasafai ake yi wa mai bincike ba, musamman yau da ake auna malami da yawan takardun da ya buga a shekara. A watan Mayun 1981 mujallar Nature ta buga aikinsa, ta kuma sa kifin a bangonta. Shekara 3 bayan haka, a watan Agustan 1984, ya rasu yana ninƙaya a ƙarƙashin ruwa a gaɓar tekun Oregon, yana da shekara 56. Bai ga abin da ya biyo baya ba.

Da aikin ya bi shi kabari, ba don maƙwabtansa a jami'ar ba. Charles Kimmel, Monte Westerfield da Judith Eisen suka riƙe kifayen. Kimmel ya bi ƙwayoyin jikin ɗan tayi ɗaya bayan ɗaya don ganin me kowace ke zama. Westerfield ya tattara hanyoyin kiwo da gwaji a littafi guda da ya zama jagoran duk mai shigowa fagen. Sun kuma kafa al'adar raba kifi da dabaru ga duk wanda ya nema, kuma wannan sakin hannun ya jawo mutane kamar yadda kyawun kifin ya jawo.

Babbar baƙuwar da ta shigo ita ce Christiane Nüsslein-Volhard ta birnin Tübingen a Jamus, wadda aikinta kan ƙuda ya ba ta kyautar Nobel a 1995. Ta ƙuduri aniyar maimaita wa kifi abin da ta yi wa ƙuda: a jefa lahani a ƙwayoyin gado da wani sinadari, a hayayyafa zuriya, a duba 'ya'yan ɗaya-ɗaya a ga wanda ya fito da nakasa. Ita ta bi doguwar hanyar haɗa 'ya'ya da jikoki ne, da dubban tankuna da matasan masana masu kwana kan madubi. A birnin Boston, Wolfgang Driever da Mark Fishman suna yin irinsa. A watan Disambar 1996 mujallar Development ta ware fitowa guda sukutum, maƙala 37, don sakamakon: kifaye marasa jini, masu zuciya mara bugawa, masu ido a karkace. Kowace nakasa alama ce ta wata ƙwayar gado da aikin da take yi.

Daga nan sai likitoci suka fara leƙowa. A shekarar 2000 ɗakin binciken Leonard Zon ya bi sawun wani kifi mai ƙarancin jini har aka gano ƙofar da sinadarin ƙarfe ke bi daga hanji ya shiga jini, kuma irin wannan ƙofa tana jikin mutum. A 2002 Kenneth Poss da abokansa suka yanke kusan kashi 20 cikin 100 na babban ɗakin zuciyar kifin, cikin wata 2 ta tsiro ta cike, abin da zuciyar mutum ba ta iya yi bayan bugun zuciya. A 2005 Keith Cheng ya koma kan wani kifi mai hasken launi da ke cikin na farko-farkon da Streisinger ya kiwata, ya gano ƙwayar gadon da ta sa shi haka, sai ga shi wani ɗan sauyi a takwararta ta jikin mutum ne ke da kaso mai yawa na bambancin launin fata tsakanin Turawa da mutanen Afirka ta Yamma. Da cibiyar Sanger ta Ingila ta kammala karanta kundin gadon kifin a 2013, an ga kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon mutum suna da takwara a jikinsa.

Aikin da ya fi taɓa ni shi ne na Lalita Ramakrishnan kan tarin fuka, cutar da Najeriya ke cikin ƙasashen da ta fi addaba. Kifi ba shi da huhu, amma yana kamuwa da wata ƙwayar cuta 'yar uwar ta tarin fuka. An daɗe ana koyar da cewa dunƙulen da garkuwar jiki ke ginawa kewaye da ƙwayar cutar kurkuku ne da ke tsare ta. Da ta zuba ido cikin jikin ɗan kifi mai rai, sai ta ga a farkon kamuwa ƙwayar cutar ce ke amfani da dunƙulen, tana janyo sababbin sojojin garkuwa ta shige cikinsu ta yaɗu.

Duk da haka kifi kifi ne. Ba ya shayarwa, jikinsa a ruwa mai ɗumin maki 28 yake aiki, kuma ƙwayoyin gadonsa da yawa sun ninku gida biyu tun zamanin kakanninsa, abin da kan rikita lissafi. Maganin da ya yi aiki a tanki sai ya bi ta jikin ɓera da gwajin asibiti tukuna, kuma da yawa kan faɗi a hanya. Wasu kuwa sun isa: a 2019 likitoci a asibitin yara na Philadelphia sun ba da rahoton wani yaro da cutar magudanan ruwan jiki ta kusa hallakawa. Sun dasa lahanin gadonsa a jikin 'ya'yan kifi, suka gwada magunguna a kansu, suka ba shi wanda ya yi aiki, numfashinsa ya daidaita, kumburin ƙafafunsa ya sauka.