Tsofaffin kalmomin ɓata sunan mata a Turanci

Daga ƙarni na 14 zuwa na 18, Turancin Ingila cike yake da kalmomin da ake jifan mace da su idan ana son zubar mata da mutunci. Yau sun tsufa, sai a littattafai ake cin karo da su. Galibinsu kuwa ba da zagi suka fara ba.

"Hussy" gajarta "housewife" aka yi, wato matar gida. A ƙarni na 16 ba ta da aibu, amma kafin na 17 ya ƙare ta koma nufin mace mara kamun kai. "Wench" ta samo asali daga kalmar da ke nufin yaro ko yarinya, ta zama budurwa, sannan 'yar aikin gida, daga bisani 'yar iska. "Quean" danginsu ɗaya da "queen", sarauniya: ɗaya ta hau karaga, ɗaya ta ƙare a gidan karuwai.

Labarin "harlot" ya fi ban mamaki. Daga Faransanci ta shigo a ƙarni na 13, kuma namiji mayaudari ko ɗan gararamba ake kira da ita. Har marubuci Chaucer ya siffanta namiji da kalmar. Zuwa ƙarni na 15 ta riga ta manne wa mata da ma'anar karuwa. Ita kuwa "strumpet", da ita Othello ya jefi matarsa Desdemona a wasan Shakespeare kafin ya kashe ta, alhali ba ta aikata komai ba.

Wannan zagi ba fatar baki ba ne kawai. Yana iya hana mace aure, ya kori masu ciniki da ita. Shi ya sa a ƙarni na 16 da na 17 mata da yawa a Landan suka riƙa kai ƙarar ƙazafi kotunan coci, inda ake sa mai zagin ya nemi gafara a bainar jama'a. A 1855 aka ƙwace wa kotunan wannan iko, mace ta koma sai ta nuna asarar dukiya kafin a bi mata haƙƙi. Dokar 1891 ta ɗauke mata wannan sharaɗi, ta kuma ci gaba da aiki a Ingila da Wales har dokar ɓata suna ta 2013 ta soke ta.