Littattafai Masu Hotuna da Tsoron Ƙuruciya: Me Bincike Ya Nuna?

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi binciken masana halayyar ɗan Adam kan amfani da littattafai masu hotuna wajen rage tsoro da ɗari-ɗari ga yara 'yan shekara uku zuwa bakwai. Hujjojin sun nuna cewa littafi ya fi tasiri idan ya nuna wa yaro sa'ansa yana tunkarar abin tsoro daki-daki, sannan babba ya raka shi ya gwada a zahiri.

Gabatarwa

Da wuya a sami ajin reno da babu irin wannan yaro: ya riƙe zanin uwa a bakin ƙofa, idan an fita tara ya rakuɓe jikin bango yana kallon masu wasa. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard, wanda ya bibiyi yara tun suna jarirai a shekarun 1980, ya gano cewa kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari da wannan hali na ja da baya ga baƙon abu ake haifarsu. Yawancinsu sukan saki jiki da girma, amma haɗarin kamuwa da ciwon fargaba ya fi yawa a cikinsu. Tambayar ita ce ko ɗan littafi mai shafi talatin zai iya taɓuka wani abu.

Ganin sa'a yana yi

Tushen amsar ya girmi yawancin littattafan. A 1967, Albert Bandura da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun tara yara masu tsananin tsoron kare, suka sa su kallon wani ɗan shekara huɗu yana wasa da kare: yau ya matsa kusa, gobe ya shafa shi, har ya shiga keji tare da shi. Bayan zama takwas, kusan biyu cikin uku na yaran sun yarda su zauna da karen su kaɗai. Babu wanda ya yi musu lacca cewa kare ba ya cizo.

Bayan shekara biyu, Robert O'Connor ya gwada dabarar a kan ƙulla abota. Ya nuna wa yaran reno masu ware kansu fim ɗin wani yaro da ke tsayawa yana kallon wasa, sannan ya shiga, 'yan'uwansa kuma suka karɓe shi. Da aka koma aji, cuɗanyarsu ta ƙaru har ta kamo ta sauran ɗalibai.

Littafi mai kyau haka yake aiki. A Wemberly Worried na Kevin Henkes, wanda ya fito a 2000, wata 'yar ɓera mai yawan damuwa ta je makaranta ranar farko rungume da 'yar tsanarta. Iyayenta sun sha ce mata ta daina damuwa, a banza. Malamarta ce ta haɗa ta da wata yarinya mai tsaye a gefe, ita ma da tata 'yar tsanar, daga nan wasa ya kankama. Yaro ya ga abin da zai kwaikwaya: ƙawa guda, abin wasa guda, mataki guda.

Gwajin littafin kansa

A nan hujja ba ta kai ƙarfin da masu tallar littattafai ke nunawa ba. A 2015, Krystal Lewis da Thomas Ollendick da abokansu a Amurka sun gwada littafin Uncle Lightfoot, Flip That Switch a kan yara tara masu tsoron duhu, 'yan shekara biyar zuwa bakwai. Iyaye sun yi mako huɗu suna karantawa da daddare, takwas daga cikin yaran suka sami sauƙi sosai. Sai dai yara tara ba su da yawa, kuma littafin cike yake da wasannin da ake yi a cikin duhu, kamar laluben abin wasa a ɗakin da aka kashe fitila. Mai yiwuwa wasannin ne suka yi rabin aikin. A Ostiraliya, Ronald Rapee ya gwada yara 267 a 2006, ya ga rubutaccen jagora ga iyaye ya fi zaman jiran magani amfani, amma bai kai ganin ƙwararre ba.

Zaɓen taurarin labari ma da magana. Binciken Patricia Ganea da abokan aikinta a Toronto, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa yaran da aka karanta wa labarin mutane sun fi yin kyauta daga baya fiye da waɗanda aka karanta wa labarin dabbobi masu sa tufafi. Kyauta aka auna a can, amma darasin ya shafi masu zane: gwargwadon kamar tauraro da yaro, gwargwadon sauƙin kwaikwayo.

Labari na iya dasa tsoro

Andy Field na Jami'ar Sussex a Ingila ya ba yara labarin ban tsoro kan wasu dabbobin Ostiraliya da ba su taɓa gani ba. Da aka ce su sa hannu a akwatin da ake zaton dabbar na ciki, sai suka yi ta jan jiki, alhali waɗanda suka ji labari mai daɗi ba su yi haka ba. Duk gidan da ake hana kuka da cewa dodo na zuwa ya kamata ya yi tunani a kan wannan sakamako.

Ga mai son gwada wannan dabara a aji, akwai littattafai masu hotuna cikin Hausa kyauta a dandalin African Storybook, wanda cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, don haka malami na da wurin farawa. Abin da zai kiyaye shi ne bambanci tsakanin kunya, wadda ake yabawa a tarbiyyar Bahaushe, da fargabar da ke tauye yaro. Mai kunya yakan sunkuyar da kai gaban manya, ya koma cikin sa'o'insa ya yi ta surutu. Wanda ya wuce wata guda bai buɗe baki a makaranta ba alhali yana hira a gida, ko yake kukan ciwon ciki kowace safiyar zuwa aji, a kai shi wurin likita, a ci gaba da karatun tare da shawarar da aka bayar.